Wa ya biya kuɗin jirgin?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙanena ya tafi ƙetare. Ni na raka shi filin jirgi, ni na riƙe masa jakar hannu yana ta laluben aljihu don ya tabbata fasfo bai gudu ba, ni kuma na dawo gida na tarar da mahaifiyarmu zaune a bakin gadonsa tana ninke kayan da ya bari. Kayan nan a ninke suke tun daren jiya. Warwarewa take yi tana sake ninkewa. Ban ce mata uffan ba, ita ma ba ta ɗago kai ba.

Tun daga ranar na kamu da karatun ƙagaggun labaran baƙunta, wato littattafan da tauraronsu mutum ne da ya bar ƙasarsa ya je zama a wata. Don in fahimci yaron nan na fara, saboda a waya ba ya faɗin komai sai "lafiya lau, Yaya." Na ce to bari in tambayi marubuta abin da shi ya ƙi gaya mini. Sun kuwa gaya mini da yawa: yadda mutum ke jin sunansa a bakin jami'in shige da fice kamar sunan wani, yadda ranar hutu ke fin ranar aiki tsawo ga wanda ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na gode musu. Amma da tafiya ta yi nisa sai na lura akwai wadda nake ta nema a cikin shafukan ban cika samunta ba, ita ce matar nan mai ninke kaya.

Akwai wani zubi da labaran nan suka saba bi, wanda in ka karanta biyar ko shida za ka iya rufe ido ka faɗi na bakwai. Jirgi ya sauka. Saurayi ko budurwa an shiga sabuwar duniya ana tuntuɓe. An haɗu da wani ɗan ƙasar mai buɗe ido. Can sai waya ta yi ƙara daga gida: uba na son a dawo a yi auren da aka tsara, uwa na kuka, kawu na neman kuɗi. Sai rikici, sai dare mai tsawo, gari na wayewa tauraronmu ya tsinke igiya, ya je ya tsaya a kan gada yana shaƙar iska. A bangon baya mai tallar littafin zai rubuta cewa wannan labarin gano kai ne. A irin wannan zubi iyali katanga ce kawai da aka gina don tauraro ya sami abin tsallakewa. Uwar kamar ba ta taɓa yin ƙuruciya ba, uban kamar an haife shi ne da gemu da umarni a baki.

Ni a ganina wannan zubi ya gutsure gaskiya. Kuma duk littafin baƙunta da ya shigo hannuna yanzu tambaya ɗaya nake auna shi da ita: ya san wanda ya biya kuɗin jirgin, ya kuma bar shi ya buɗe baki?

Kada a yi mini gurguwar fahimta, a ce na zo wanke iyaye da mazaje ne. Marubuciyar Nijeriya Buchi Emecheta ta bi mijinta Landan a 1962, kuma a littafinta Second-Class Citizen na 1974 ta nuna Adah tana aiki a ɗakin karatu tana ciyar da miji da 'ya'ya, shi kuwa Francis da ta ba shi labarin farko da ta rubuta ya karanta, wuta ya cinna masa. Emecheta ta ce haka aka yi mata a zahiri, kuma ta fita daga auren da yara biyar a hannu. Wanda ya karanta wannan ya ce wa Adah ta yi haƙuri don darajar iyali, to bai san darajar komai ba. Akwai gidan da fita daga cikinsa ita ce tsira, kuma wajibin adabi ne ya faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda aka mayar da tsirar Adah ma'aunin kowa, har ya zama baƙon da bai yi faɗa da gidansu ba kamar bai isa a rubuta labarinsa ba. Abin mamaki, waɗanda suka fara wannan hanya sun fi masu kwaikwayonsu gaskiya. A 1925 Anzia Yezierska ta fitar da Bread Givers, labarin Sara, 'yar Yahudawan da suka baro Poland suka sauka a unguwar talakawa ta birnin New York. Uban yana zaune yana karatun littattafan addini, 'ya'yansa mata na aiki suna kawo masa albashi, ya aurar da yayyenta uku auren da ya kashe musu zuciya. Sara ta gudu tana da shekara 17, ta yi guga a gidan wanki da rana, makaranta da dare, har ta zama malama. Marubucin yau a nan zai ɗiga aya, a yi tafi. Yezierska ta ci gaba. Sara ta tsinci tsohon a titi yana tallar cingam, ga ciwo ga tsufa, ta yi jinyarsa, aka kuma yi maganar ya koma gidanta da zama. Littafin ya rufe ne tana jin nauyinsa da na kakanninsa a kafaɗarta. Ta sami 'yancin, bashin kuma yana nan bai goge ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wannan mata ta san haka shekara ɗari da ta wuce.

To me ya sa zubin tsinke igiya ya fi yawa a kasuwa? Ina ganin dalilin a fili yake. Galibin littattafan da suka yi suna a wannan jigo a Landan da New York da Paris ake buga su, da harshen ƙasar da aka sauka, kuma mai saye na farko ɗan ƙasar ne. Labarin da ke ce masa ƙasarka ce inda mutane ke zuwa su zama kansu, labari ne mai daɗin ji, ba sai an yi masa dogon talla ba. Sa'an nan mai riƙe da alƙalamin kusan kullum ɗan ne ko 'yar, wanda ya yi karatun, ya ƙware a sabon harshen. Uwar da aka zana a ciki sau da yawa ba za ta iya karanta littafin ba, balle ta ce a'a, ba haka aka yi ba. Shari'a ce ake yi da mai ƙara shi kaɗai, shi ne kuma alƙali.

Dubi Brick Lane na Monica Ali, wanda ya fito a 2003. An auro Nazneen daga ƙauye a Bangladesh tana da shekara 18, aka kai ta gabashin Landan gidan Chanu, mutumin da ya ninka ta a shekaru. Littafin ya ƙare da ita a filin zamiyar ƙanƙara sanye da sari, ƙawarta na ce mata nan Ingila ce, abin da kika ga dama shi za ki yi. Wannan rufewar ba ta taɓa gamsar da ni ba, ta yi kama da hoton kalanda. Wanda ya zauna mini a rai shi ne Chanu, mai yawan surutu, mai takardun shaida a cikin firam, mai jiran ƙarin girman da bai taɓa zuwa ba har ya koma tuƙin tasi. Bayan kimanin shekara 30 a Landan ne ya kwashi iyalinsa zuwa kallon wuraren tarihin birnin kamar ɗan yawon buɗe ido, kuma a ƙarshe shi kaɗai ya koma Dhaka. Ali ta fara zana shi abin dariya, sai ya fi ƙarfin dariyar, ya zama mutum. Darajar littafin a wurina tana wajen wannan mijin da ya kamata ya zama katanga amma ya ƙi.

Yanzu bari mu zo maganar kuɗi, wadda marubuta da yawa ke wucewa kamar abin kunya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar da aka haife su. Bankin Duniya kuma ya ce kuɗin da baƙi suka aika ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi a 2023 ya haura dala biliyan 600, wato ya ninka duk tallafin raya ƙasa da gwamnatocin masu arziki ke bayarwa fiye da sau biyu. Wannan dukiya ba daga aljihun attajirai take fitowa ba. Mai goge-goge ne, da mai jinyar tsofaffi, da direba, da birkila, kowa na yankar wani abu daga bakinsa a ƙarshen wata. Mutanen da suka tsinke igiya ba sa aika dala biliyan 600 gida. Akasarin masu tafiya aiken gida ne suka tafi, an zauna an yi shawara, an sayar da wani abu, an zaɓi wanda za a tura.

Littafin da ya fi kowane kama wannan a wurina ɗan siriri ne, Rijalun fish-Shams na Gassan Kanafani, wato maza a cikin rana, wanda ya fito a 1963. Falasɗinawa uku ne ke son shiga Kuwait daga Basra ta ƙasar Iraƙi ba tare da takardu ba. Abu Ƙais dattijo ne, shekara goma da rasa ƙauyensa da itatuwan zaitun ɗinsa, yana so ya sama wa matarsa da 'ya'yansa rufin asiri. As'ad kawunsa ne ya ranta masa dinari 50, ba don Allah ba, don ya dawo ya auri 'yarsa. Marwan yaro ne ɗan shekara 16, ya ajiye makaranta saboda wansa da ke aiko da kuɗi daga Kuwait ya yi aure ya daina, uban kuma ya saki uwarsu ya auri wata don ya sami ɗakin kwana. Ka ga fuska uku na abin da ake kira iyali: ƙauna, da tarko, da kayan da wani ya sauke aka ɗora wa ƙarami. Direban wata tankar ruwa ya yarda ya tsallakar da su, da sharaɗin su shiga cikin tankin da babu ruwa, a rufe, na 'yan mintoci a kowane shingen iyaka, a tsakiyar zafin Agusta. Shingen farko suka fito da rai da ƙyar. A na biyu jami'ai suka tsare direban da zolaya a kan wata mai rawa a Basra, suna dariya a ɗaki mai sanyi, mintoci na tafiya. Da ya buɗe murfin, babu mai motsi. Ya zubar da gawarwakin a juji, ya kwashe kuɗinsu da agogon Marwan, sa'an nan tambaya ta kama shi: me ya hana su buga jikin tankin?

An yi ta fassara wannan tambaya ta fuskar siyasa, kuma daidai ne. Ni dai duk lokacin da na karanta sai in ga wata amsa ƙarama a gefe. Wanda ya buga tanki za a kama shi a mayar da shi, ya koma ya tsaya gaban waɗanda suka tara masa kuɗin hanya hannu rabbana. Akwai mutanen da mutuwa ta fi musu wannan sauƙi. Fatou Diome ta nuna haka a Le Ventre de l'Atlantique, na 2003, inda Moussa, matashin da aka kai Faransa buga ƙwallo bai yi nasara ba aka koro shi, ya kasa jure kallon mutanen tsibirinsu ya faɗa teku. A littafin nan Salie tana Strasbourg ta Faransa tana fama, ƙanenta Madické na tsibirin Niodior a Senegal yana kiranta don ta ba shi labarin wasan Maldini, ɗan ƙwallon Italiya, yana kuma roƙon ta jawo shi. Ita ce ta tara kuɗi ta aika masa ya buɗe shago ya zauna. Ga baƙuwa da ta san kanta sarai, kuma hanyar da sanin ya bi ita ce ta hana ɗan'uwanta biyo sawunta.

Ita kanta kalmar gano kai ɗin tana yi mini banbaraƙwai a baki, kamar mutum ya ɓace ne a wani lungu sai ya je wata ƙasa ya tsinto shi. Mu abin da muke cewa shi ne wane ya san ciwon kansa. Kuma ba a faɗin haka ga wanda ya gano irin waƙar da yake so ko irin tufafin da suka dace da shi. Ana faɗa ne ga wanda ya gane abin da ke kansa, ya san abin da zai ɗauka da abin da zai ce ba zai iya ba. Adah ta san ciwon kanta ranar da ta kwashi 'ya'yanta ta fita. Salie ta san ciwon kanta ranar da ta aika kuɗin shago. Kalma ɗaya ta ɗauke su duka biyun, ita kuwa waccan ta bangon littafi ɗaya kawai take iya gani.

Akwai kuma zubi na biyu, kishiyar na farko, kuma shi ma ban yarda da shi ba ko kaɗan. Shi ne labarin wanda ya tafi ya lalace, ya sha wuya, ya dawo ya durƙusa gaban iyaye yana kuka, su kuma su ce ai dama mun faɗa maka, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Wannan wa'azi ne aka sa wa rigar labari, kuma a cikinsa ma iyayen ba mutane ba ne, allon karin magana ne. Manyan marubutan da suka taɓa jigon dawowa sun ƙi ba mu wannan sauƙin. A L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, na 1961, dangin Samba Diallo ne da kansu suka cire shi daga gaban malaminsa suka kai shi makarantar Turawa. Babbar gimbiyar gidan ta ce a je a koyo yadda ake cin nasara ba tare da ana da gaskiya ba, ta kuma faɗa a bainar jama'a cewa makarantar za ta iya kashe abin da suke ƙauna a cikin 'ya'yansu. Sun sani, suka tura shi. Da ya dawo daga Paris da zuciya biyu, wa za a ɗora wa laifi? A Mausimul Hijra ilash-Shamal na Ɗayyib Salih, na 1966, mai ba da labarin ya dawo ƙauyensu a bakin Nilu bayan shekara bakwai a Turai yana jin kansa kamar dabino mai saiwa. Wannan ƙauye mai daɗi ne ya tilasta wa Husna, bazawara mai 'ya'ya biyu, auren tsohon da ta rantse ba ta so, har ta kashe shi ta kashe kanta. Shi kuma mai ilimin, wanda aka bar wa amanar 'ya'yanta, yana da damar hanawa bai hana ba. Gida bai zama magani don an dawo cikinsa ba.

Inda na fi jin marubuci ya taɓa ainihin abin shi ne inda ya gane cewa zumuncin nesa da ƙarya ake riƙe shi. Na san maganar ba ta da daɗin ji. Abdulrazak Gurnah, ɗan Zanzibar da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2021, ya gina Admiring Silence na 1996 a kan haka. Mai ba da labarin ya yi shekara wajen 20 a Ingila tare da Emma, sun haifi 'ya har ta zama budurwa, amma gidansu ba su san da zaman ko ɗaya daga cikinsu ba. Ita ma Emma tarihin dangin da ya ba ta ƙagagge ne, uban Emma kuwa yana ƙirƙiro masa tatsuniyoyin daɗin mulkin mallaka don ya ga tsohon na murmushi. Da ya ziyarci gida sai ya tarar uwarsa ta nemo masa yarinyar aure. Mutum ɗaya, labari biyu, kowane ɓangare an ba shi wanda zai iya haɗiyewa.

Da na karanta wannan ajiye littafin na yi na fita waje, domin labarinmu ne. Shekara uku ƙanena na aiko mana hotuna: ga shi a gaban ginin jami'a, ga shi da kwat a wani taro. In ya kira ta bidiyo kullum a kusurwa ɗaya yake zama, bango fari, shukar roba a bayansa. Sai daga baya, a wani dare da ya gaji da riƙewa, ya gaya mini cewa tun shekara ta biyu kuɗin makaranta suka gagara ya ajiye karatun, wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci daga yamma har tsakar dare, ɗakin kuma su huɗu ne a ciki, kusurwar nan ce kaɗai mai kyan gani, layi suke bi in za su kira gida. Kuɗin da yake turo wa Mama duk wata daga cikin wannan ne. Na buɗe baki zan yi faɗa sai na tuna a cikin waɗannan shekaru ukun an yi wa Mama aiki a asibiti, ta yi sati biyu a kwance, kuma ni ne na riƙa ce masa wayarta ce ta lalace. Ita ta sa ni. Ta ce, "Kada ka tayar wa yaron nan da hankali, yana karatu." Shi yana ɓoye mana don kada mu damu, mu muna ɓoye masa don kada ya damu, kowa na tsaron barcin ɗan'uwansa da ƙarya. Wane ne katanga a nan, wane ne mai tsallakewa? Na nemi wannan a littattafai da dama masu ɗauke da tambarin darajar iyali, sai in tarar da bikin aure da girke-girke da tufafin gargajiya, kamar daraja kaya ce da ake sakawa a akwati. Abin da na gani da idona bai da ado ko kaɗan: mutum huɗu na jiran layin kusurwa ɗaya.

Jhumpa Lahiri na cikin 'yan kaɗan da suka ba uba haƙƙinsa. The Namesake, na 2003, a sama kamar zubin da na zarga ne. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1965 ta soke rabon gurabe bisa asalin ƙasa, ta buɗe ƙofa ga masu ilimi daga Asiya, kuma a irin wannan ayari Ashoke da Ashima suka baro Kalkata suka sauka a jihar Massachusetts. An haifi ɗansu a 1968, wasiƙar kaka mai ɗauke da sunan da za a raɗa masa ta ɓace a hanya, asibiti kuma ba ta sallama sai da suna, sai uban ya ce a rubuta Gogol. Yaron ya tashi yana ƙin sunan, ya je kotu ya canza shi, ya yi nesa da gida. Har nan babu sabo. Sai wani dare, yana jami'a, uban ya ɗauko shi daga tashar jirgin ƙasa, suka iso ƙofar gida, ya kashe mota bai fita ba. A cikin duhun motar ya ba shi labarin 1961, lokacin yana ɗan shekara 22, jirgin ƙasan da yake ciki ya yi hatsari cikin dare yana karanta gajerun labaran marubucin Rasha Nikolai Gogol. Masu ceto har sun wuce shi, sai takardar littafin da ke dunƙule a hannunsa ta faɗi, aka haska, aka ga yana da rai. A gadon jinya ya ƙudura zai bar ƙasar. Ɗan ya tambaye shi ko in ya kalle shi daren nan yake tunawa. Uban ya ce a'a, abin da ya biyo bayan daren yake tunawa.

Abin da wannan shafi ya yi shi ne ya juya madubin. Ashe wanda ya yi tafiyar neman kai tun farko uban ne, wannan mai shiru-shiru da ɗan ke ganin bai san komai ba sai aiki. Ya bar nasa iyayen suna kuka a Kalkata kafin a haifi mai ƙorafin. Kowane uba mai hana tafiya a cikin labari wataƙila shi ma ya taɓa tsinke tasa igiyar, ko ya so ya tsinke aka hana shi, kuma marubucin da bai tambayi wannan ba rabin aikinsa ya yi. Ko a namu adabin tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya raba Shaihu Umar gida biyu. Ga yaron da aka raba da ƙasarsa ya tashi a hannun Balarabe ya zama babban malami, ga kuma uwar da ta bi sawunsa ta faɗa bauta, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, tana gab da cikawa. Sunan ɗan ne a bango, amma marubucin bai yarda ya bar uwar a bakin ƙofa tana ɗaga hannu ba, ya bi ta har cikin hamada.

Haka Colm Tóibín ya yi a Brooklyn na 2009, don kada a ɗauka wannan ciwon na Afirka da Asiya ne kawai. Eilis ta bar wani ƙaramin gari a Ireland a shekarun 1950 ba don ta nema ba. Yayarta Rose ce ta shirya tafiyar tare da wani limamin coci, kuma da ta tura ƙanwar ta san ita ce za ta zauna da uwarsu har abada, ba aure ba tafiya. Rose ta rasu da ciwon zuciyar da ta ɓoye wa kowa. Da Eilis ta zo ta'aziyya, ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta faɗa wa uwar cewa ta yi aure a ɓoye a Amurka kuma gobe za ta koma. Tsohuwar ba ta yi ihu ba, ba ta tsine ba. Ta yi 'yan tambayoyi a kan mijin, ta ce ta gaji za ta kwanta, kuma ta fi son a yi sallamar yanzu, sau ɗaya. Ta shiga ɗaki ta rufe. Da safe ƙofar ba ta buɗe ba.

Shekararsa ta takwas ƙanena ya fara zuwa gida, bayan takardunsa sun daidaita ya koma ya ƙarasa karatun da kuɗin wanke-wanke. Duk tsawon lokacin yana ɗauka ajiyar mahaifinmu marigayi ce ta biya masa jirgi da kuɗin shekarar farko, don haka muka gaya masa. Gaskiyar ita ce fili ne da Mama ta gada daga nata mahaifin, abu ɗaya tak da ke da sunanta a duniya, ta sayar cikin sati guda, ta kuma sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba. Ban faɗa ba. Ban san wanda ya faɗa ba.

A dare na uku da zuwansa muna zaune mu uku, ya ajiye wayarsa a ƙasa ya ce, "Mama, ina filin nan na wajen kaka?"

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Sa'an nan ta juya gare shi.

"Wane fili?" in ji ta. "Auta, tashi ka rage fankar nan, sanyi take ba ni."

Ya tashi ya rage. Ya daɗe a tsaye a wurin, bayansa na kallonmu, hannunsa a kan makunnin.